Wuta daga ruwan tsauni: tambayoyi da amsoshi kan Mambilla da ire-irenta

Wanda aka haifa a shekarar da aka fara maganar tashar wutar Mambilla yau ya kai aurar da 'ya'ya, wataƙila har ya ga jika, amma ko kwan lantarki ɗaya bai kama da ruwan wannan babbar tasha ba. Duk da haka, da zarar wuta ta ɗauke a faɗin ƙasa ko an shiga kakar zaɓe, sai sunan ya sake dawowa bakin mutane. Waɗannan su ne tambayoyin da aka fi yi, a kan Mambilla kanta da kuma a kan samar da wuta daga ruwan tsaunuka gaba ɗaya.

Me ya sa ake cewa tsauni ya fi fili dacewa da samar da wuta daga ruwa?

Abu biyu ke ba ruwa ƙarfin juya inji: yawansa, da nisan da ya faɗo. Duk wanda ya taɓa ɗora tankin ruwa ya san wannan. Tanki a kan bulo biyu a tsakar gida, ruwa zai riƙa zuwa a famfo kamar ana roƙonsa. Ɗora wannan tankin a saman bene mai hawa uku, sai ka ga ruwan yana fesowa har yana fallatsar maka riga. Ruwan bai ƙaru ba, tsawo ne ya ƙaru.

Lissafin injiniyoyi ma haka yake. Lita 1,000 ta ruwa a duk daƙiƙa, idan ta faɗo mita 100, tana ba da wuta kusan megawat ɗaya, sai ɗan abin da ya ɓace a inji. Idan faɗowar mita 1,000 ce, wannan ruwan dai zai ba da ninki goma. A Kainji, inda ƙasa take shimfiɗe, faɗowar ruwan ba ta kai mita 50 ba, shi ya sa sai da aka tare kogin Neja sukutum, aka yi tafki mai tsawon sama da kilomita 100, kafin a samu megawat 760. A tsauni kuwa Allah ya riga ya yi maka tsawon kyauta. A ƙasar Suwizalan akwai tashar Bieudron da ruwanta ke faɗowa sama da mita 1,800, tana ba da fiye da megawat 1,200 da ruwan da bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da na Neja. Norwe kuma kusan kashi 90 cikin 100 na wutarta daga irin waɗannan duwatsu take samu.

Injin ma daban ne. A inda ruwa yake da yawa amma faɗowar gajera ce, ana amfani da farfela mai kama da ta jirgin ruwa. A tsauni mai tsawo sosai kuwa, ana matse ruwan ya fito ta bakin bututu kamar harsashi, ya riƙa dukan wasu kofunan ƙarfe da aka jera a gefen babbar ƙafa. Wannan shi ake kira injin Pelton.

Ina Mambilla take, kuma me aka tsara ginawa?

Tana ƙaramar hukumar Sardauna a jihar Taraba, kan iyaka da Kamaru, babban garinta Gembu. Tudu ne shimfiɗaɗɗe mai tsawon kusan mita 1,600 sama da teku, mai sanyi da hazo da doguwar damina, inda shanu ke kiwo a kan ciyawa kore shar, kuma ake noman ganyen shayi a Kakara. Chappal Waddi, dutse mafi tsawo a Najeriya mai mita 2,419, yana wannan yankin. Daga nan kogin Donga ya taso ya gangara ya haɗu da Binuwai.

Tsarin shi ne a yi madatsun ruwa huɗu, wato Nya da Sumsum da Nghu da Api, a haɗa su da hanyoyin ruwa da aka huda cikin dutse masu tsawon sama da kilomita 30, sannan a saki ruwan ya faɗa kusan mita 1,000 zuwa ɗakin injuna da za a haƙa a ƙarƙashin ƙasa. Abin da aka ƙiyasta samu shi ne megawat 3,050. A 2021 ma'aikatar wuta ta yi maganar rage shi zuwa 1,525 don ya fi sauƙin samun kuɗi.

Megawat 3,050 ɗin nan, yaya girmansa yake?

Haɗa Kainji mai 760, da Jebba mai 578, da Shiroro mai 600, da Zungeru mai 700. Jimilla 2,638 ke nan. Mambilla ita kaɗai ta fi su huɗun. Kuma ka tuna cewa abin da ke bin babban layin wutar Najeriya a yawancin ranaku tsakanin megawat 4,000 ne zuwa 5,000, ga mutum sama da miliyan 200.

To me ya hana aikin tashi, tunda ruwa yana nan, tsawo yana nan?

A nan ne zuciya ke ɓaci, domin abin da ya fi daɗewa yana riƙe aikin ba dutse ba ne, takarda ce.

Tun shekarun 1970 aka gano abin da wurin zai iya bayarwa, aka yi ta bincike ana ajiyewa. A watan Mayun 2003 ministan wuta na lokacin, Olu Agunloye, ya ba kamfanin Sunrise Power wasiƙar kwangilar gina tashar a kan kusan dala biliyan 6, bisa tsarin kamfani ya gina, ya sarrafa na wasu shekaru, sannan ya miƙa wa gwamnati. Olusegun Obasanjo, wanda shi ne shugaban ƙasa a lokacin, ya ce shi bai ba da izinin haka ba. A 2017 gwamnatin Muhammadu Buhari ta sa hannu a sabuwar kwangila ta kusan dala biliyan 5.8 da gungun kamfanonin China uku, cikinsu har da Gezhouba da Sinohydro, da nufin bankin Exim na China ya ba da bashin kashi 85 cikin 100, Najeriya ta kawo 15. A wannan shekarar dai Sunrise ya kai ƙara kotun sasanta rikicin kasuwanci ta duniya da ke birnin Faris, yana neman diyyar sama da dala biliyan 2. An yi yarjejeniyar sulhu ta dala miliyan 200 a 2020, ita ma ta zama wata sabuwar rigimar. A 2024 hukumar EFCC ta gurfanar da tsohon ministan a kotu, ya musanta tuhumar. A Janairun 2025 Obasanjo da Buhari, tsofaffin shugabannin ƙasa biyu, suka je Faris ba da shaida.

Babu bankin da zai zuba biliyoyin daloli a aikin da wani ke cewa nasa ne a gaban alƙali. Kuma irin wannan aiki, kuɗinsa kusan duka a farko ake kashe su. Tashar gas ana gina ta da sauri a kan kuɗi kaɗan, sai a yi ta sayen makamashi har abada. Tashar ruwa kuwa sai ka binne dukiya shekara shida ko takwas ko goma ba ka sayar da wutar kwabo ba, kuɗin ruwan bashi na ta hawa, sannan daga baya ta yi ta ba ka wuta mai araha shekara hamsin ko fiye. Kainji tun 1968 take aiki. Mai ba da irin wannan bashi yana tambayar abu ɗaya: wa zai sayi wutar, kuma zai biya? A kasuwar da kamfanonin samar da wuta ke bin bashin tiriliyoyin naira, amsa wannan tambaya ba wasa ba ne.

Idan shari'a ta ƙare, kuɗi suka fito, shi ke nan?

A'a. Daga nan ne tsaunin zai fara karɓar nasa harajin.

Fara da hanya. Daga Jalingo sai Bali, sai Serti, sai Mayo Selbe, inda mota ke fara hawa. Duk wanda ya bi wannan hanya ya san Hawan Biyu da Sisi: kwana a kan kwana, dutse a hannun nan, rami a wancan, babbar mota tana nishi a giya ɗaya, yaron mota ya sauko yana bin ta a ƙasa da weji a hannu don kada ta zame baya. Yanzu ka yi tunanin ta wannan hanya za a haura da taransifoma mai nauyin tan ɗari ko fiye, da bututun ƙarfe da mutum zai iya tafiya a cikinsa a tsaye, da tirelolin siminti dubu bisa dubu. Dole a faɗaɗa kwanoni, a sake gadoji, a yi sababbin hanyoyi zuwa inda kowace madatsa za ta zauna, tun kafin a zuba kwano ɗaya na kankare.

Sai cikin dutsen kansa. Komai ƙwarewar masu bincike, rijiyoyin gwaji 'yan kaɗan ne suke haƙawa, abin da ke tsakaninsu sai an shiga ake gani. Habasha ta ɗanɗana wannan a tashar Gilgel Gibe ta biyu mai megawat 420, wadda ruwanta ke bin rami mai tsawon kilomita 26 a cikin dutse. An yi bikin buɗe ta a Janairun 2010, ba a yi wata guda ba wani sashe na ramin ya rufta, tasha ta tsaya kusan shekara ana gyara. A Nefal, tashar Upper Tamakoshi mai megawat 456 an fara ta a 2011, girgizar ƙasar 2015 ta lalata hanyar zuwa wurin, ba a buɗe ta ba sai 2021.

Na uku waya. Inda ruwa yake faɗowa ba nan masana'antu suke ba. Wutar Mambilla sai an ja ta ɗaruruwan kilomita a kan turakun ƙarfe, ta kwazazzabai da dazuzzuka, kafin ta taɓa babban layi, kuma shi babban layin yana faɗuwa da ɗan abin da yake ɗauke da shi yanzu. A gina tasha ba a gina layi ba, kamar a noma gona ne a tsibiri ba kwalekwale.

Ba haɗari ba ne tare ruwa a saman mutane?

Haɗari ne, kuma tarihi bai ɓoye ba. A Vajont ta ƙasar Italiya, a Oktoban 1963, gefen dutse ya zaftare ya faɗa cikin tafkin madatsa, ruwa ya tsallake bangon ya share garin Longarone da ƙauyukan kusa, kusan mutum 2,000 suka rasu. Bangon yana nan tsaye har yau. Ba shi ya gaza ba, gangaren da ke gefensa ne aka ƙi ɗauka da muhimmanci duk da alamun da ya yi ta nunawa. A Indiya, a Fabrairun 2021, dutse da ƙanƙara suka ɓallo a gundumar Chamoli, ambaliya ta afka wa tashoshi biyu, sama da mutum 200 suka mutu ko suka ɓace, da yawansu leburori ne a cikin rami. A Oktoban 2023 kuma wani tafkin narkakkiyar ƙanƙara ya fashe a jihar Sikkim ya tafi da madatsar Teesta ta uku mai megawat 1,200 cikin dare ɗaya.

Mambilla ba ta da ƙanƙara a kanta, kuma ba ta cikin yankunan da girgizar ƙasa ta addaba kamar Himalaya. Nata abin lura shi ne mamakon ruwan sama da zaftarewar gangare. Kuma a wannan layin duwatsun ne, ta ɓangaren Kamaru, tafkin Nyos yake, wanda iskar da ta fito daga cikinsa a 1986 ta kashe sama da mutum 1,700. Tsoron kada bangon wannan tafki ya ɓalle ya aiko ruwa ta kogin Katsina-Ala yana cikin dalilan gina madatsar Kashimbila a Takum, wadda kuma take ba da megawat 40. Ka ga ke nan madatsa tana iya zama kariya, tana iya zama barazana, ya danganta da yadda aka gina ta da yadda ake kula da ita. Mutanen Maiduguri da suka kwana a ruwa bayan ɓallewar madatsar Alau a Satumban 2024, da na gaɓar Binuwai da ke zaman ɗarɗar duk lokacin da aka ce za a saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, ba sa bukatar a yi musu dogon bayani.

Idan rani ya yi fa?

Ƙoramar tsauni da damina sai ta ci mutum, da bazara kuma yaro ya tsallake ta. Shi ya sa ake bukatar tafki ya adana na damina don rani, kuma shi ya sa adadin da ke rubuce a jikin tasha ba shi take bayarwa kullum ba. Zambiya, wadda ta jingina kusan komai a kan ruwa, fari ya janye tafkin Kariba a 2024 har aka riƙa ɗauke wuta kusan awa 20 a rana.

Akwai kuma maƙiyin da ba a cika ambato ba: laka da yashi. Gangaren da aka sare wa itatuwa, ko shanu suka cinye ciyawarsa har ƙasa ta fito, duk ruwan da ya sauka sai ya kwashi jar ƙasa ya kai tafki. A hankali tafki ya cike. Yashin da ya wuce kuma, idan ya faɗo mita 1,000 tare da ruwa, goge ƙarfen inji yake kamar sanfefa. Don haka makiyayin Nguroje da manomin Maisamari suna cikin lissafin tashar, ko injiniya ya rubuta su ko bai rubuta ba.

Mutanen da ke zaune a wurin, ina makomarsu?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara da ita. A tsauni ƙasar noma mai kyau tana cikin kwari ne, kusa da ruwa, kuma kwarin ne tafki zai haɗiye. Can gonaki suke, can mashayar dabbobi, can maƙabartu. Mambilla wuri ne da rigimar fili tsakanin manoma da makiyaya ta riga ta ci rayuka, kamar yadda aka gani a 2017, ga kuma 'yan gudun hijira da suka tsallako daga Kamaru. A zo irin wannan wuri a ce za a tashi dubban mutane, sai an yi taka-tsantsan na gaske: wa ke da fili, wa ke aro, wa ke da hurumin kiwo ba takarda, kuma a hannun wa diyya za ta faɗa.

Muna da darasi a gida. Lokacin gina Kainji an tashi mutum sama da 40,000, tsohuwar Bussa ta nutse, aka gina sabuwa, al'ummomin tsibiran Yauri suka bar wuraren kakanninsu. Shekaru da yawa bayan haka, akwai ƙauyukan da wayoyin wuta ke wucewa ta samansu su kuma suna kunna aci-balbal. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Dokar kafa hukumar HYPPADEC, mai kula da yankunan da ke samar da wutar ruwa, sai a 2010 aka yi ta, sama da shekara 40 bayan ruwa ya rufe gidajensu. A ganina duk yarjejeniyar Mambilla da ba ta rubuta baro-baro cewa Gembu da ƙauyukanta za su sha wuta tun daga injin farko ba, ba ta cika ba.

Yaya Habasha ta gama tata babbar madatsar?

Babbar madatsarta a kan kogin Nilu, mai megawat 5,150, an aza tubalinta a Afrilun 2011, aka buɗe ta a Satumban 2025. Saboda saɓani da Masar da Sudan, manyan masu ba da bashi na duniya sun ja baya, sai ƙasar ta juya ga mutanenta: ma'aikata suka ba da daga albashinsu, 'yan kasuwa da mazauna ƙetare suka sayi takardun lamuni. An samu jinkiri, an canza shugabanni, an yi yaƙi a cikin ƙasar, an kori wani kamfanin soji daga aikin saboda gazawa, amma ba a taɓa samun gwamnatin da ta zo ta ce a koma farko ba.

Ba gara a koma hasken rana ba, tunda farantan sun yi araha?

A yi duka biyun. Hasken rana yana da saurin kafawa, kuma arewa tana da shi har ya yi yawa. Sai dai yana tafiya da magariba, daidai lokacin da gidaje ke kunna komai. Tashar ruwa mai tafki ana iya rage ta da rana a bar ruwa ya taru, a buɗe ta cikin 'yan mintoci idan rana ta faɗi. Kuma lokacin da ruwa ya fi ja baya, wato bazara, shi ne lokacin da rana ta fi ƙarfi.

Dole sai ƙatuwar tasha? Ƙanana ba za su yi ba?

Za su yi, kuma sun daɗe suna yi. A tsaunin Jos, tun shekarun 1920 aka fara juya injuna da matsirgar ruwa don ma'adinan kuza, kuma kamfanin NESCO da tasharsa ta Kurra sun yi suna wajen ba da wuta tsayayya a lokacin da sauran ƙasa ke kuka. A kan Mambilla kanta akwai 'yar ƙaramar tasha a madatsar Tunga, mai kilowat 400, da aka yi da taimakon hukumar UNIDO ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tana ba masana'antar shayi ta Kakara wuta. Kilowat 400 ko kusa da megawat ɗaya bai kai ba, amma ya sauke wa masana'antar nauyin dizal da ake haurowa da shi daga ƙasan tsauni.

Irin wannan tasha ba ta bukatar tashin gari. A karkato wani ɓangare na ƙorama, a bi da shi ta gefen tudu, a sake shi cikin bututu zuwa inji, ruwan ya koma hanyarsa. Wutar ta ishi injin niƙa, da mai walda, da firjin allurar rigakafi a asibitin ƙauye, da mai sanyaya madarar da Fulani ke tatsa. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu, don haka gwamnan da ke da duwatsu da ƙoramu ba shi da hujjar jiran Abuja a kan wannan. Wahalarta ita ce kulawa: a samu wanda zai kwashe ganye da yashi daga mashigar ruwa kowace safiya, a horar da makaniki ɗan garin, a kuma karɓi kuɗin wuta a ajiye don ranar da wani ƙarfe zai ci. Ƙananan ba za su tayar da masaƙun Kano da Kaduna ba, wannan aikin babbar ce. Amma ba daidai ba ne a bar mutanen tsauni cikin duhu shekara hamsin da sunan ana jiran babbar.

Ta yaya zan gane an fara aikin da gaske, ba a rediyo kawai ba?

Kada ka tsaya a kan labarin sa hannu ko kafa kwamiti, an sha yin su. Tambayi direbobin da ke lodin Gembu ko an fara fasa kwanonin hawan Mayo Selbe ana sake gadoji. Tambayi mutanen kwarin Donga ko an zo an auna gonakinsu a gabansu, an rubuta sunayensu, kuɗi sun shiga hannunsu. Duba ko bankin da aka ambata ya saki kason farko na bashin, kuma ko kason Najeriya ya fita daga takardar kasafi ya isa asusun aikin. Sannan ka duba ko an fara kafa turakun babban layi daga ƙasan tsaunin, domin su ma shekaru suke ci, kuma dole su riga injin farko kammala.